Daga Takarda Zuwa Majigi: Wa Zai Zana Fuskarmu?

Muna godiya ga Ubangiji da ya kawo mu ƙarshen wata shekarar karatu. Kamar yadda aka saba, akan ba malamai fili a wannan mujalla ta shekara su faɗi albarkacin bakinsu a kan wani abu da ya shafi ɗalibai da iyaye da ikilisiya. Bana mun zaɓi abin da dattawa da yawa za su ce wasan yara ne, wato katun, zanen nan mai motsi da magana wanda yaranmu ke taruwa su kalla a talabijin ko a wayar yayyensu. Muna roƙon iyayenmu su ɗan yi haƙuri su karanta har ƙarshe, gama abin da yaro ya gani da ido ya fi daɗewa a zuciyarsa bisa abin da ya ji da kunne.

Za mu ɗauki misali ɗaya daga Turai, wato labarin wani yaro mai suna Tintin, da yadda aka ɗauke shi daga littafi aka mai da shi fim. Daga nan mu komo gida mu ga abin da wannan ya koya mana, mu mutanen ƙasar Batsari da Safana. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, duk wanda ya riƙe fensir zai zana wani, amana ya ɗauka. In bai san mutumin ba, ƙarya zai zana ko da hannunsa ya ƙware. Mu kuwa a yau waɗanda ba su san mu ba ne suka fi ba da labarinmu.

Wane ne Tintin?

Wani mai zane ɗan ƙasar Beljiyam ne ya ƙago shi. Sunansa Georges Remi, amma duniya ta fi saninsa da Hergé. An haife shi a 1907, ya rasu a 1983. Tintin ya fara fitowa ran 10 ga Janairu, 1929, a shafin yara na wata jarida ta Katolika da ake bugawa a babban birnin ƙasar, wadda wani fada mai suna Norbert Wallez ke shugabanta. Ashe ke nan a gidan masu bi aka haife shi.

Tintin saurayi ne ɗan jarida, mai ɗan tukku a goshi, yana yawon duniya da wani farin karensa. Daga baya ya sami abokai: Kyaftin Haddock, matuƙin jirgin ruwa mai saurin fushi da son kwalba, da wani shehun malami mai nauyin ji, da wasu 'yan sandan ciki guda biyu masu kama da tagwaye, waɗanda duk abin da suka taɓa sai ya lalace. Littattafan 24 ne, har da na ƙarshe wanda ajali ya hana mai shi ƙarasawa, an kuma fassara su cikin harsuna masu yawa.

Irin wannan littafi ba kamar wanda muke karantawa a aji ba ne. An raba kowane shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutane kuma tana cikin wani ɗan da'ira a bisa kansu. Mai karatu shi ke haɗa hoto da hoto a ransa. A wannan gida ya ga an ɗaga sanda, a na gaba ya ga mutum a ƙasa, saukar sandar kuwa shi ya cika ta da kansa. Shi ke ba kowa murya. In ya so ya tsaya a shafi ɗaya ya yi ta duba, in ya so ya wuce.

Abin da ke faruwa in zane ya tashi tafiya

To, ranar da aka ce za a mai da irin wannan littafi fim, duk wannan iko ya fita daga hannun mai karatu ya koma hannun mai shirya fim. Shi zai zaɓi murya, shi zai ce a yi sauri ko a yi sannu, shi zai cika abin da ke tsakanin hoto da hoto. Ba kuma zai iya ɗaukar komai ba. Tilas ya zubar da wani abu, ya ƙara wani.

An gwada wannan da Tintin sau da yawa. A 1947 wata mata mai suna Claude Misonne ta yi fim ɗinsa da 'yan tsana, ana gusa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. A 1969 da 1972 wani kamfanin Beljiyam ya fitar da finafinai biyu na zanen hannu. A 1991 zuwa 1992 kamfanoni biyu, ɗaya na Faransa ɗaya na Kanada, suka haɗa gwiwa suka yi jerin shirye-shiryen talabijin kashi 39. Waɗannan sun bi littattafan sau da ƙafa, sai dai da yake don yara aka yi, sun rage shan giyar Kyaftin, sun kuma rage harbe-harbe.

Mafi girma shi ne na 2011, wanda Steven Spielberg na Amurka ya shirya tare da Peter Jackson. Spielberg ya fara neman izinin yin fim ɗin tun 1983, har an shirya za su gana da Hergé, sai mutuwa ta riga shi. Shekara 28 ke nan tsakanin niyya da cikawa. Dabarar da suka bi ita ce, 'yan wasa na gaske suka sa wasu tufafi masu ɗigo-ɗigo, na'urori suna ɗaukar motsin jikinsu da na fuskarsu, sannan kwamfuta ta lulluɓe motsin da siffar mutanen littafin. Suka ɗauki littattafai uku suka dama su wuri ɗaya: na kaguwa mai ƙafafun zinariya, da na asirin wani tsohon jirgin ruwa, da na dukiyar wani ɗan fashin teku. Akwai wani mutum, Sakharine, wanda a littafi mai tara kayan tarihi ne kawai, bai cuci kowa ba. Da fim ya bukaci babban mugu, sai aka ɗora masa rawanin mugunta. Aka kuma ƙara guje-guje da tsalle-tsalle waɗanda babu su a takarda.

Fim ɗin ya samu kasuwa, ya tara sama da dala miliyan 370, ya kuma ci babbar kyauta a Amurka a farkon 2012. Duk da haka masoyan littafin sun rabu biyu. Wasu suka ce an rayar da Tintin. Wasu suka ce an kashe shi, domin a takarda idanunsa ɗigo biyu ne kurum, kowane yaro na iya sa tasa fuskar a wurin, amma da aka ba shi fata da gashin gira da ƙwayar ido sai ya zama wani baƙo. Mu a ganinmu wannan gardama ta kama ko rashin kama ƙarama ce. Babbar tambaya tana wani wuri, a littafin da ba a taɓa ba.

Littafin da aka tsallake

Masu shirin talabijin na 1991 sun ɗauki littattafai 21. Cikin waɗanda suka bari akwai na biyu, wato Tintin a Kwango, wanda aka buga a jarida daga 1930 zuwa 1931, lokacin da Kwango ke ƙarƙashin mulkin Beljiyam. Spielberg ma bai kusance shi ba. Shi ne kuwa littafin da aka gina kacokan a kan baƙar fata.

Dalilin tsallake shi a fili yake ga duk wanda ya buɗe shi. An zana mutanen Kwango da manyan leɓuna da zararrun idanu, kusan duk fuska ɗaya. An nuna su malalata, matsorata, masu hankalin yara, sai Bature ya zo ya raba musu gardama, ya ba su magani, su kuma su durƙusa masa. Shi Tintin yana ta harbin namun daji barkatai. Akwai ma wurin da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan makarantar mishan. Tintin ya shiga ajin wata makarantar mishan ya karɓi alli, ya fara koya wa 'yan Kwango cewa ƙasarsu ita ce Beljiyam. Da aka sake zana littafin da launi a 1946, sai aka mai da darasin ya zama na lissafi. An gyara abin da ke kan allo, amma fuskokin yaran suna nan yadda suke.

Hergé yana ɗan shekara 23 lokacin da ya fara wannan aiki, kuma bai taɓa taka ƙasar Kwango ba. Maigidansa, fadan nan, shi ya ce a kai Tintin can. Abin da ya sani game da Afirka daga littattafai ne da gidan tarihi da hirar mutanen garinsu. Daga baya shi kansa ya yarda cewa da idon zamaninsa ya zana su. A 2007 wani ɗan Kwango mazaunin Beljiyam ya kai ƙara kotu yana neman a hana sayar da littafin. A 2012 kotu ta ƙi, tana cewa mai zanen bai yi da nufin cusa ƙiyayya ba.

Mai yiwuwa kotu ta yi daidai wajen niyya. Amma ya kamata ɗalibai su lura da wannan: ba sai mutum yana da mugun nufi yake cutar da wani da fensir ba. Rashin sani ma ya isa. Yaran Turai masu yawa sun fara ganin baƙin mutum a wannan littafi, suka girma da wannan hoto a ransu. Da a ce an ba wa hotunan nan murya da motsi, aka haska su a majigi, da abin ya fi muni, gama abin da ke kwance a takarda sai an buɗe ake gani, na majigi kuwa shi ke bin mutum har ɗaki. Masu fim sun gane haka, shi ya sa suka kauce. Amma kaucewa ba ta biya bashi ba. An cire mummunan hoton, ba a sa kyakkyawa a gurbinsa ba.

Abin da aboki ɗaya ya yi

Labarin bai ƙare a nan ba. A 1934 Hergé ya sanar cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Sai wani fada mai kula da ɗaliban Sin a jami'ar Luben ya rubuta masa wasiƙa, ya gargaɗe shi kada ya zana mutanen Sin yadda Turawa suka saba, domin ɗalibansa suna karantawa kuma zai ɓata musu rai. Ta haka aka haɗa shi da wani saurayi ɗan Shanghai mai koyon zane da sassaƙa, Zhang Chongren. Suka yi watanni suna zama tare. Zhang ya koya masa yadda titunan garinsu suke, da tufafinsu, da rubutunsu, da irin wahalar da suke sha a hannun sojojin Japan.

Littafin da ya fito daga wannan zama, wanda sunansa ke nufin shuɗin furen bado, masana da yawa na ganin daga kansa ne Hergé ya zama gwani na gaske. Mutanen Sin da ke ciki suna da sunaye da iyali da hankali da mutunci. Har ya sa abokin nasa a labarin, wani yaro Chang da Tintin ya tsamo daga ambaliya, suka zauna suna dariyar ƙarairayin da mutanensu ke faɗa a kan juna. Hannu ɗaya ne ya zana Kwango ya zana Sin, shekara huɗu kacal tsakani. Bambancin shi ne a karo na biyu ya zauna da mai ƙasa. Wani abin lura kuma, Japanawan da ke cikin wannan littafi an zana su da muni, haƙora waje. Ba shi da aboki a cikinsu.

A waɗannan shekaru ne kuma a nan ƙasarmu aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya daɗe a kansa tare da Hausawa, aka kuma buga babban ƙamus na Bargery a 1934. Su ma Turawa ne, suna da nasu kurakuran, amma sun zauna a tabarma sun tambaya, shi ya sa har yau ake amfana da aikinsu.

Aro a gidanmu

Kada wani ya ce nufinmu a guji labarin baƙi. Adabinmu na zamani da aro ya tashi. Alhaji Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga a 1934. Bayan haka ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, inda ya ɗebo labaru daga Larabawa da Indiya da Jamus. Amma wa ya taɓa karanta shi ya ji warin baƙunta? Ya tuɓe musu rigunan ƙasashensu ya sa musu tamu, ya ba su sarki da waziri da fadawa da 'yan kasuwa irin waɗanda ya sani. Haka Ahmadu Ingawa ya ɗauko wani jarumin tatsuniyar Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Mun kuma taɓa ɗaukar littafi mu kai shi majigi: a 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa na bidiyo sun cika kasuwa. Inda muka yi baya shi ne zane mai motsi.

Amma a nan ma akwai wanda ya share hanya, kuma maƙwabcinmu ne. Moustapha Alassane ɗan Nijar, an haife shi a 1942, da kanikanci ya fara. Ya koyi aikin fim a Yamai, ya ƙaro ilmi a Kanada, ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi katun a Afirka ta Yamma. A 1966 ya fitar da wani ɗan gajeren fim na zanen hannu a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da faretin sojoji da jiniya, yana yi wa sababbin shugabanninmu shaguɓe. A 1977 ya yi Samba Babba da 'yan tsana. Ya kuma yi wani a kan kokawa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kambama a fage kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa. A Tawa ya zauna yana aikinsa da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, har ya rasu a 2015.

Akwai wani fim nasa na 1966 da ya kamata kowane saurayi a yankinmu ya ji labarinsa. Wani matashi ya komo ƙauyensu daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi irin na finafinan Amurka, huluna da takalma da bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka hau dawaki suna kwaikwayon abin da suka gani a silima. Wasa-wasa suka koma sata da duka da kisa, suka addabi iyayensu. Kusan shekara 60 ke nan da wannan mutum ya hango abin da hoto ke iya yi wa matashin da ba shi da nasa jarumin.

Hotonmu a idon duniya

Yanzu mu zo gida. In mutum a Ikko ko a Ingila ya rubuta Batsari ko Safana a intanet, me zai gani? Gidaje ƙonannu, da gawawwaki a jere, da mata da yara a makarantun firamare da kayansu a ka, da samari masu rawani da bindiga a dajin Rugu. Ba mu ce ƙarya ba ne. Mun san abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020. Mun san daren 11 ga Disamba na wannan shekara, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, abin da ya sa kowane mai ɗa a makarantar kwana ya kasa barci. Mun san lokacin da aka yanke layukan waya a ƙananan hukumominmu a Satumbar 2021. Babu gidan da wannan masifa ba ta taɓa ba.

Amma wannan ne kaɗai mu? Ina manomin rogo da dankali na Batsari? Ina kasuwar Runka? Ina labarin Ɗanwaire da barden Ruma da tsofaffi ke bayarwa? Ina matar da ta ɗauki marayun maƙwabciyarta ta haɗa da nata, da malamin da ya ci gaba da koyarwa a gindin bishiya, da Musulmin da ya buɗe wa Kirista ƙofarsa da dare, da Kiristan da ya yi wa Musulmi haka? Wanda ya zo da mota ya ɗauki hoto na awa biyu ya koma ba zai ga waɗannan ba. Ba lalle mugu ne ba. Yana matsayin Hergé ne a 1930, yana zana mutanen da bai zauna da su ba. Abin tsoro shi ne 'ya'yanmu ma wannan hoton suke gani a waya. A wasu ƙauyuka yara na wasan 'yan bindiga da karan dawa, kuma ba kowa ke son ya fito a matsayin wanda aka kama ba.

Sai dai akwai gargaɗi a nan, wanda ya fi kowane nauyi. Ranar da fensir ya zo hannunmu, mu ma za a gwada mu. Yaya za mu zana Bafulatani? Akwai makiyaya da yawa da aka kwashe musu shanu, aka kashe musu 'yan'uwa, suka rasa wurin zama a daji da gari. In ɗalibinmu ya zana kowane mai sanda da malfa da fuskar ɓarawo, to ya yi wa maƙwabcinsa abin da aka yi wa mutanen Kwango, kuma shi ba shi da uzurin nisa. Haka in Musulmi ya zana Bamaguje ko Kirista a matsayin mashayi kullum, ko Kirista ya zana Musulmi a matsayin mai takobi kullum. Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin siffar Allah aka halicci mutum, bai ware kabila ba. Dokar da ta hana shaidar zur ba ta tsaya a bakin kotu ba, ta shafi fensir da kyamara. Mu tuna kuma da Ubangijinmu Yesu ya so ya nuna wane ne maƙwabci, jarumin da ya zaɓa a misalinsa Basamariye ne, daga mutanen da masu sauraronsa suka fi ƙi.

Shawararmu

Muna ba hukumar makaranta shawara a kafa ƙungiyar zane da ba da labari, kamar yadda muke da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo da ta mawaƙa. Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce jarrabawa na tafe, babu lokacin wasa. Wasu za su ce ina kuɗin?

Game da lokaci, wanda zai zana labari tilas ya rubuta shi tukuna, ya tsara farko da tsakiya da ƙarshe, wannan kuwa shi ne insha'in da muke fama da shi a aji. Tilas ya auna, ya ƙirga, ya je wurin kakarsa ya tambayi yadda ake ɗaura zane a da. Game da kuɗi, bari mu yi lissafi. Ido na ganin motsi sosai in an nuna masa zane 12 a daƙiƙa ɗaya. Minti ɗaya ke nan zane 720, minti biyar kuma 3,600. In ɗalibai 40 suka raba, kowa zai yi 90, wato zane uku a rana har wata guda. Abin da ake bukata takarda ce da fensir da waya ɗaya mai kyamara da za a kafe a kan tebur. Wanda hannunsa bai faɗa da fensir ba, ya zo da yumɓu ko kara. Yaron da ke ƙera mota da karan dawa ya riga ya yi rabin aikin da matar nan ta yi a 1947.

Labarin da za a fara da shi ma ba ya wuya. Ga Gizo da Ƙoƙi, waɗanda ba sai an nemi izinin kowa ba. Ga labarin Yusufu da 'yan'uwansa, wanda mu da maƙwabtanmu duka muka sani, labarin yaron da aka sayar da shi ya kuma yafe. Ga labarun garuruwanmu. In kuwa an so a taɓa littafin wani marubuci, sai a nemi izinin masu shi, kamar yadda Spielberg da duk girmansa ya nema.

Doka ɗaya muke so ƙungiyar ta rubuta a bangon ɗakinta: kada a zana mutumin da ba a zauna da shi ba. In za a sa makiyayi a labari, a je a gaishe da makiyayi, a ji ta bakinsa, in an gama a nuna masa. In za a sa liman ko fasto ko ɗan sanda ko mai tallan fura, haka. In mai hoton ya duba ya ce wannan ba ni ba ne, a goge a sake.

Ya ku ɗalibanmu masu fita bana, ba mu ce dukanku za ku zama masu zane ba. Amma duk inda kuka je za a tambaye ku daga ina, in kun faɗa kuma za ku ga an ɗan ja da baya. A wannan lokaci bakinku shi ne fensir. Ku faɗi wahalar da aka sha, kada ku ɓoye, ku kuma faɗi alherin da kuka gani, kada ku rage wa kowace kabila nata. Ku da kuka rage a makaranta, muna fata kafin mujallar baɗi ta fito za a tara iyaye a babban ɗakin taro a nuna musu minti biyar na aikin hannunku.

Allah ya ba ƙasarmu salama, ya komo da waɗanda suka watse gidajensu lafiya, ya kuma albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.